Umaru Ganda: Tsohon sojan da ya shiga fim da sunan aro, ya fita da nasa

A shekarar 1957, a unguwar Treichville ta birnin Abijan, akwai wani saurayi ɗan Nijar da ke neman abinci da dakon buhuna a tashar jiragen ruwa. Abokansa ba sa kiransa da sunan da aka raɗa masa. Edward G. Robinson suke ce masa, domin a ganinsu ya yi kama da wani ɗan wasan Amurka mai wannan suna da suke kallo a gidajen silima na unguwar. Da wannan suna na aro duniya ta fara saninsa. Sunansa na yanka Umaru Ganda, wanda takardun Faransanci ke rubutawa Oumarou Ganda, kuma shekaru 23 da suka rage masa a duniya ya ƙarar da su ne wajen karɓo labarinsa daga hannun waɗanda suka riga shi ba da shi.

An haife shi a Yamai a 1935, shekaru tara bayan Faransawa sun ɗauke hedikwatar mulkinsu daga Damagaram sun mayar can. Bazabarme ne. Ya yi karatun firamare a garinsu, kuma yana ɗan shekara 16, a 1951, ya shiga rundunar da Faransa ke turawa Gabas Mai Nisa. A lokacin Faransa na fafatawa da dakarun Ho Chi Minh a yankin Indochina, wanda ya ƙunshi Biyetnam da Lawos da Kambodiya na yau. Wato yaron da ƙasarsa ke ƙarƙashin mulkin mallaka aka ɗauka aka ba shi bindiga, aka tura shi ya yaƙi wasu mutanen da ke neman fita daga wannan mulkin. Ya yi shekaru biyu a can. Faransa ta sha kashi a Dien Bien Phu a watan Mayun 1954, shi kuwa aka sallame shi a 1955.

Ya dawo Yamai bai sami aiki ba. Mutanen Arewacin Najeriya da suka taso suka tarar da 'yan mazan jiya na yaƙin Bama sun san irin wannan dawowa: ranar farko ana guɗa, bayan wata shida ba mai tambaya. Sai ya bi hanyar da Zabarmawa da Hausawa suka daɗe suna bi in gida ya yi zafi, wato cin rani a Kurmi. Waɗansu Kumasi suke nufa, waɗansu Akara. Shi Abijan ya dosa, inda aka haƙa mashigin ruwa na Vridi a 1950, manyan jirage suka fara shigowa har bakin gari, aka kuma shiga neman ƙarti masu ɗaukar buhunan gahawa da koko.

A can ya gamu da Jean Rouch. Wannan Bafaranshe ya fara zuwa Nijar ne a 1941 a matsayin injiniyan hanyoyi, daga baya ya koma nazarin al'adun jama'a da ɗaukar su a fim. A shekarun 1950 hankalinsa na kan 'yan ci-ranin Nijar da ke biranen gaɓar teku, kuma yana bukatar masu jin harshen mutanen da za su taya shi tattara ƙididdiga. Ganda ya sami wannan aiki. Daga nan aka ba shi ɗan ƙaramin matsayi a wani gajeren fim, sannan aka zo kan babban aikin, fim ɗin Moi, un noir, wato Ni, Baƙar Fata.

Yadda aka yi wannan fim shi ne ginshiƙin duk abin da ya biyo baya. Babu rubutaccen labari, babu ƙwararrun 'yan wasa, babu wani babban kamfani mai gidan ɗaukar hoto. Rouch yana riƙe da ƙaramar kyamara mai faifan milimita 16, irin wadda ake murɗawa da hannu kamar tsohon agogo, ba ta ɗaukar hoton da ya kai rabin minti a jere, ba ta kuma ɗaukar murya ko kaɗan. Samarin suka ci gaba da harkokinsu, yana bin su: wurin neman aikin yini, gidan abinci, filin dambe, bakin teku ranar hutu, gidan rawa da dare. Kowannensu da sunan da ya aro daga allon silima. Mai tallan yadi shi ne Eddie Constantine, direban tasi shi ne Tarzan, matar da Robinson ke mafarkin aure kuwa, mai zaman kanta ce, ana ce mata Dorothy Lamour.

Bayan an gama ɗauka aka zaunar da Ganda gaban hotunan da ba su da sauti, aka ce ya yi magana. A nan baiwarsa ta fito. Ya riƙa zuba zance kai tsaye, wani lokaci yana bayyana abin da ake gani, wani lokaci yana zolayar kansa, yana cika baki cewa shi ne zakaran damben duniya na gobe, can kuma sai murya ta karye ya koma kukan talauci. Faransancin da yake yi na tasha ne da barikin soja, ba na makaranta ba, kuma ba a taɓa jin irinsa yana jan ragamar fim ba. Mai kallo yana ganin saurayin da ya sha giya ya je ƙofar Dorothy Lamour da asuba, ya tarar da wani matuƙin jirgi ɗan Italiya a ɗakin, suka kama kokawa cikin taɓo, aka lakaɗa masa duka. Jarumin silima ba ya shan kashi haka.

Wurin da ya fi tsaya wa masu kallo a rai yana kusa da ƙarshe. Robinson yana tafe a gefen ruwa tare da wani ƙaramin abokinsa, yana ba shi labarin Indochina. Sai jikinsa ya karɓi labarin daga bakinsa: ya faɗi ƙasa kamar mai kauce wa harsashi, ya yi rarrafe, ya wurga gurneti da hannu wofi, ya miƙe ya ci gaba da tafiya yana lissafa abin da yaƙin ya ba shi, wanda bai wuce babu ba. Wanda ya kalli wannan wuri zai yi wuya ya rantse ko wasa ake yi ko tuna baya, kuma wataƙila shi mai yin ma bai tsaya rabewa ba.

Sunan da abokansa suka laƙaba masa ya dace da shi fiye da yadda suka zata. Edward G. Robinson na ainihi, wanda aka haifa a Bukares ta Romaniya a 1893 aka yi ƙaura da shi zuwa Amurka yana yaro, gajere ne mai faɗin fuska, ba irin kyawawan samarin da ake ba su budurwa a ƙarshen fim ba. Ya yi suna a 1931 da fitowa a matsayin shugaban 'yan daba a Little Caesar, kuma da shekaru suka ja ya ci gaba da cin abinci da matsayi na biyu ko na uku, irin wanda in aka cire shi fim ya zama lami. Masu harkar fim suna bambanta tauraro, wanda ake zuwa kallon fuskarsa, da ɗan wasan da ake zuwa kallon halin da ya ɗauka. Ganda na cikin kashi na biyu tun daga ranar farko har ya koma ga Mahaliccinsa.

Fim ɗin ya ci kyautar Louis Delluc ta 1958 a Faransa. Matasan masu sharhi na Paris da ke shirin kawo sabon salo a fim ɗin ƙasarsu, musamman Jean-Luc Godard, suka yaba masa matuƙa, kuma masana na ganin tasirinsa a fim ɗin farko na Godard da ya fito a 1960. Amma yabon ya tafi ne ga mai kyamara. Rayuwar ta Ganda ce, muryar tasa ce, tabon yaƙin nasa ne, sunan da ke saman allo kuwa na wani ne. A hirarrakin da ya yi daga baya bai ɓoye cewa bai gamsu da yadda aka nuna shi ba, yana ganin an ƙara gishiri a wasu wurare, an kuma tsallake abin da ya fi ci masa rai. Usman Sembene na Senegal, wanda shi ma tsohon sojan Faransa ne kuma tsohon ɗan dako a tashar Marseille, ya taɓo wannan miki a wata muhawara da ya yi da Rouch a 1965. Ya amince yana son wannan fim ɗin, amma ya zargi Turawa masu nazarin Afirka da kallon mutanenta kamar yadda ake kallon ƙwari. Adalci dai shi ne a ce ba don Rouch ba da wuya Ganda ya taɓa kyamara, kuma mutanen biyu ba su yanke hulɗa ba. Sai dai kayan aro ba ya rufe katara.

Ganda ya koma Yamai, wadda ta zama babban birnin ƙasa mai 'yanci tun 3 ga Agustan 1960. Ya sami aiki a cibiyar al'adu ta Faransa da Nijar, inda wani rukunin matasa ke koyon sarrafa kyamara da haɗa fim. A wannan zamani Nijar, duk da talaucinta, tana sahun gaba a fim ɗin Afirka. Mustafa Alhassan ya riga ya fitar da Aouré a 1962, kuma a 1966 ya yi wani fim kan samarin ƙauye da suka sami kayan kaboyi suka ari sunayen Amurkawa suka addabi garinsu. Batun sunan aro, ke nan, ba Ganda kaɗai ya dama ba. Da cibiyar ta shirya gasar rubuta labarin fim a 1968, sai ya rubuta wanda ya fi sani.

Cabascabo fim ne baƙi da fari, tsawonsa minti 45, da harshen Zabarmanci, kuma shi ya rubuta, ya ba da umarni, ya kuma fito a matsayin mai sunan. Tsohon soja ne ya dawo daga Indochina da 'yan kuɗinsa. Abokai da maroƙa da mata suka yi masa caa, ana yi masa kirari yana rabo, yana ba da labarin fagen fama. Da aljihu ya bushe sai kowa ya kama gabansa. Ya nemi aiki ya tarar sunan tsohon soja ba ya sayen ko mudun gero, har ya kai ga aikin lebura a ƙarƙashin waɗanda ba su ga abin da ya gani ba. Daga ƙarshe ya juya wa birni baya ya nufi karkara.

Labarin da ya bayar a gefen ruwa a Abijan cikin 'yan mintuna shi ne ya buɗe a nan, amma da bambanci mai girma. A fim ɗin Rouch, Robinson abin tausayi ne mai ban dariya, wanda duniya ta zalunta. A nasa fim ɗin, Ganda bai wanke Faransa ba, amma bai wanke kansa ba, bai kuma wanke jama'arsa ba. Cabascabo yana da girman kai da almubazzaranci, mutanen garinsu kuwa suna da kwaɗayi da saurin mantuwa. Baƙo ba zai iya faɗin haka ba tare da an ce ya yi zagi ba; ɗan gida ne kaɗai ke da wannan izini. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, ko da kuwa waƙar ta zambo ce. Ga masu tunanin ko kukan tsofaffin sojojin ya wuce kima, ya isa a tuna cewa wata doka ta 1959 ta daskarar da fanshon sojojin Faransa 'yan ƙasashen da ta mallaka, ba a kuma fara daidaita shi da na takwarorinsu Faransawa ba sai a 2007.

An nuna Cabascabo a makon masu sharhi na bikin Cannes a 1969, ya kuma sami takardar yabo a bikin Mosko na wannan shekara. A Najeriya ma an sami tsohon soja da ya mayar da rayuwar bariki wasan kwaikwayo, wato marigayi Usman Baba Pategi, Samanja Mazan Fama, sai dai shi ta ƙofar raha ya shigo, kuma yana da gidan rediyo da talabijin na Kaduna a bayansa.

Ganda ba shi da irin wannan gata. Kafin 'yanci, wata doka ta 1934 ta sa ba a ɗaukar fim a ƙasashen da Faransa ke mulka sai da izinin hukuma. Bayan 'yanci kuma gidajen silima na yankin suna hannun kamfanoni biyu na Faransawa, COMACICO da SECMA, waɗanda suka fi ganin riba a fina-finan Amurka da Indiya da suka riga suka mayar da kuɗinsu a wasu wurare. Mai yin fim a Yamai sai ya haɗa 'yan wasa daga abokai da ma'aikatan gwamnati, ya ɗauka a ranakun hutu, ya aika da faifan Paris a wanke, ya nemi tallafin ma'aikatar haɗin gwiwa ta Faransa domin kammalawa. Sau da yawa fim ya zaga bukukuwan Turai kafin mutanen unguwar da aka ɗauke shi su gan shi. Don kwatance, Shaihu Umar na Adamu Halilu, wanda aka ɗauko daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, ya fito ne a 1976 da ƙarfin gwamnatin tarayya, fim ɗin bidiyo na Kano kuwa sai a 1990 ya kankama da Turmin Danya.

Fim ɗinsa na biyu, Le Wazzou polygame, ya taɓa wurin da ya fi zafi. Kalmar farko ta sunan ita ce wa'azi a bakin Zabarmawa. Wani attajiri ne ya dawo daga Makka da laƙabin Alhaji, ya sa ido kan wata yarinya mai suna Satu wadda aka riga aka yi wa wani saurayi alkawarinta, iyaye suka kasa ce wa kuɗi a'a, ta zama matarsa ta uku. Kishi ya tunzura ta biyun ta ƙulla kisan amarya, makircin ya faɗa kan wadda ba ta ci ba ba ta sha ba. Ganda Musulmi ne da ya taso cikin Musulmi, kuma abin da ya sa wa kibiya shi ne mutumin da ya mayar da rawani da carbi jarin biyan bukatar ransa. A 1972 bikin fina-finan Afirka na Wagadugu, FESPACO, wanda aka fara a 1969, ya ƙirƙiro babbar kyautarsa, Ingarman Yennenga. Kamar yadda Hukumar Fina-finai ta Najeriya ta ɗauko sunan bikinta daga Dutsen Zuma da ke kusa da Suleja a Jihar Neja, haka mutanen Wagadugu suka ɗauko nasu daga gimbiyar da Mosawa ke ɗauka kakarsu. Wanda ya fara ɗaukar wannan ingarma shi ne Umaru Ganda. Ɗan Najeriya bai kai gare shi ba sai a 2007, lokacin da Newton Aduaka ya ci da fim ɗin Ezra.

Bai sassauta ba. Saïtane, wato Shaiɗan, wanda ya biyo baya, labarin wani malamin tsibbu ne da ya zama ɗan aike tsakanin matar aure da wani mai kuɗi da ke nemanta. Ganda ya sake shiga gaban kyamara a nan. Mai ba da umarnin da ke da ikon ba kansa matsayin gwarzo, sai ga shi kullum yana zaɓar labarin fasasshe da mayaudari da wanda duniya ta juya wa baya. Irin wannan zaɓi yana da tsada a cikin al'ummar da ba ta saba raba ɗan wasa da halin da ya ɗauka ba. Wadda ta fi biyan kuɗin ita ce Zalika Sule, da ta fito a manyan fina-finansa, galibi a matsayin muguwar kishiya ko mace mai zaman kanta. Fim ɗin da Rahmatu Keita ta yi a kan rayuwarta a 2004 ya nuna yadda jama'a suka riƙa ɗora mata laifin matan da ta kwaikwaya.

A 1976 ya sake fitowa a fim ɗin Rouch, wannan karon a matsayin ɗaya daga cikin 'yan wasa tare da Damure Zika da sauran abokan tafiyar Bafaranshen. Babatu sunan fim ɗin, an gina shi kan bayanan marubuci Bubu Hama game da mayaƙin Zabarmawa da ya addabi ƙasar Gurunsi a ƙarshen ƙarni na 19, an kuma shigar da shi babbar gasar Cannes. Wani abin sha'awa shi ne, ɗaya daga cikin muhimman tarihin wannan mayaƙi da Hausa aka rubuta shi, da alƙalamin wani Malam Abu.

Fim ɗinsa na ƙarshe, L'Exilé, wato Ɗan Gudun Hijira, ya fito a 1980, kuma ya sha bamban da na baya. Wani jakadan Afirka ne a Turai yake ba abokansa tatsuniya. Sarki ya ji wasu samari biyu suna cewa za su ba da kawunansu in za a aura musu 'ya'yansa mata. Ya aura musu, bayan shekara ya nemi a cika magana. Ɗaya ya miƙa wuya, ɗayan ya gudu da matarsa, ya yi ta yawo har ya zama sarki a wata ƙasa, amma maganar da ya furta ba ta daina binsa ba sai da ya biya da ransa. Alkawari kaya ne, kuma mutumin da aka ɗauka soja yana ɗan shekara 16 aka sallame shi hannu rabbana ya san nauyin maganar da ba a cika ba. Shi ma ya fito a fim ɗin, tare da Zalika Sule da Damure Zika.

Ya daɗe yana fama da ciwon zuciya. Allah Ya yi masa rasuwa a ranar 1 ga Janairun 1981, yana da shekara 45, a lokacin yana kan rubuta wani sabon aiki. Gwamnatin Seyni Kunce ta sa sunansa a babbar cibiyar raya al'adu ta Yamai, wadda mutanen birnin ke kira CCOG, inda ake kiɗe-kiɗe da wasannin kwaikwayo. FESPACO kuma ta ware kyauta da sunansa, wadda ake ba wanda ya fi fice cikin masu fitar da dogon fim ɗinsu na farko. Harkar fim ta Nijar ta yi sanyi ƙwarai a shekarun da suka biyo bayan rasuwarsa, kuma sama da shekaru 50 bayan nasarar 1972 babu wani ɗan ƙasar da ya sake ɗaukar Ingarman Yennenga.

Jean Rouch ya rayu shekaru 23 bayansa. Ya mutu a haɗarin mota kusa da Birnin Ƙonni a watan Fabrairun 2004, yana da shekara 86, aka kuma binne shi a Yamai.